Yadda ake kwashe dusar ƙanƙara daga titunan Montreal: tambayoyi da amsoshi ga sabon zuwa

Da zarar watan Nuwamba ya kama, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a bakin waɗanda wannan ne hunturunsu na farko a Montreal ta ƙasar Kanada, ɗalibai ne ko masu iyali. Wa zai share titi? Ina zan kai motata? Jiniyar me ake busawa a ƙofar gida? Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Kuɗin tara da wasu ƙa'idojin unguwa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka a riƙa tabbatar da su a shafin birnin ko ta kiran lamba 311.

Dusar ƙanƙara nawa ce ke sauka a Montreal, har ake wannan hidima haka?

Kusan mita 2 a kowace shekara idan aka haɗa jimilla, daga Nuwamba zuwa farkon Afrilu. Yawan ba shi kaɗai ne matsala ba. A Janairu da Fabrairu sanyi yakan zauna ƙasa da sifili na tsawon makonni, abin da ya sauka yau yana nan zaune har na mako mai zuwa ya zo ya hau kansa. Ga kuma faɗin aikin: tituna sun haura kilomita 4,000, hanyoyin masu tafiya a ƙasa sun haura 6,000, wato kusan kilomita 10,000 ke nan gaba ɗaya.

Sai kuma yanayin ginin garin. A tsofaffin unguwanni irin su Plateau-Mont-Royal da Rosemont da Verdun, gidaje manne suke da juna, akasarinsu ba su da gareji, motoci na kwana a bakin titi hagu da dama. Babu filin da za a ture dusar a bar ta. Shi ya sa Montreal ba ta tsaya ga turewa ba kamar yadda garuruwa da yawa ke yi: lodinta take yi a tifa, ta fitar da ita daga unguwa ɗungurungum. Duk sauran abin da ke cikin wannan shafi, da allunan hana fakin da janwe da tara, daga nan ya samo asali.

Wa ke da alhakin share wane titi?

Birnin Montreal ya kasu gundumomi 19, kuma su ne ke gudanar da aikin a titunansu, da ma'aikatan birni da kuma 'yan kwangila. Manyan hanyoyin da ba a tsayawa, irin su lamba 40 da 15 da 13 da 20, na ma'aikatar sufuri ta lardin Quebec ne. Gadar Jacques-Cartier kuwa tana hannun gwamnatin tarayyar Kanada. Akwai kuma garuruwa masu cin gashin kansu a tsibirin da Montreal take kai, kamar Westmount da Côte-Saint-Luc da Mont-Royal, kowanne da nasa tsari. Kana iya tsallaka titi ɗaya ka ga ɓangaren can fes, naka kuwa ba a taɓa ba. Ba son kai ba ne, hukuma ce daban.

Da dusar ta fara sauka, me ake fara yi?

Aikin hawa uku ne. Na farko yayyafa gishiri da tsakuwa, wanda ake farawa da zarar titi ya soma santsi, wani lokaci ma tun kafin saukar idan masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi. Na biyu turewa: idan dusar ta kai santimita 2.5 a ƙasa, motoci masu faffaɗan ƙarfe a gaba sukan fito su ture ta zuwa gefe, ƙananan motoci kuma su bi hanyar masu tafiya a ƙasa. Ana ci gaba da wannan muddin tana sauka, ba dare ba rana. Manufar kawai a buɗe hanya, bas da motar asibiti da 'yan kwana-kwana su samu wucewa.

Na uku shi ne kwashewa, wadda mutanen gari ke kira chargement, kuma za ka yi ta jin kalmar a rediyo. Ba a yin ta sai abin da ya taru a ƙasa ya kai santimita 10 zuwa 15, kuma sai an gama turewa. Ita ce mai cin kuɗi da kwanaki, ita ce kuma ta shafe ka kai tsaye idan kana da mota.

Ita kwashewar, yaya ake yin ta?

Wannan abin kallo ne, kuma yara ba sa gajiya da leƙensa ta taga. Ayari ne guda, kowace mota da aikinta, gefe ɗaya na titi ake yi a lokaci guda. Janwe ke gaba, ya kawar da duk motar da aka bari. Sai ƙananan motocin nan masu tafiya a kan sarƙa, waɗanda ake kira chenillette, su turo dusar da ke hanyar masu tafiya a ƙasa zuwa kan titi. Gireda da katafila su biyo baya, su kankare ta daga bakin titi, su jera ta doguwa a tsakiya kamar kunyar gona.

Daga nan sai babbar injin ta iso. A gabanta akwai ƙarafa masu juyawa da ke tauna wannan kunyar, dusa ce ko daskararriyar ƙanƙara, su cusa ta cikin wani bututu mai lanƙwasa da ke feso ta sama. Tifa na tafe a gefenta daidai da saurinta, tana karɓa. Cikin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ta cika, ta ja gaba, wadda ke bayanta ta maye gurbi. Akwai mutum a ƙasa yana tafe gaban injin, aikinsa ya tabbatar babu yaro ko wani abu a cikin tudun. Ƙarshen ayari mai yayyafa gishiri ne. Titin da ya wuni a toshe, cikin mintoci kaɗan sai ka ga kwalta.

Wannan injin ɗan garin ne ya ƙirƙiro ta. Arthur Sicard ya kammala samfurinsa a 1925, kuma a 1927 garin Outremont, wanda yanzu gunduma ce a cikin Montreal, ya sayi ta farko. Kafin nan da dawakai da shebur ake fama. A yau idan aka ƙaddamar da kwashewa, ma'aikata kusan 3,000 da motoci kusan 2,200 ne ke fita.

Wa ke cewa a fara, kuma wane titi ake soma yi?

Tun 2015, zamanin magajin gari Denis Coderre, babbar hukumar birni ce ke ba da umarnin fara kwashewa a dukkan gundumomi. Kafin lokacin kowace gunduma ita ke yanke wa kanta, sai ya zama wata ta gama wata ba ta ko fara ba, musamman idan aljihunta ya yi sanyi. Har yanzu akwai bambancin sauri tsakanin gundumomi, amma aƙalla tare ake tashi.

Tituna kuma hawa-hawa ne. Ana fara da manyan hanyoyi, da waɗanda bas ke yawan bi, da ƙofofin asibitoci, da titunan kasuwanci, da masu gangara sosai. Sai matsakaitan tituna da kewayen makarantu. Ƙananan titunan cikin unguwa su ne na ƙarshe. Idan gidanka na kan ɗan titi marar hayaniya, a hunturu za ka biya kuɗin wannan shirun da haƙuri.

Ta yaya zan san ranar da za a zo titinmu?

Da alluna masu launin ruwan lemo. Wasu ana soka su a cikin tudun dusar, wasu a rataya a jikin turakun bakin titi, a wasu manyan tituna kuma fitila ce ke kamawa. Allon zai nuna lokacin da aka hana fakin: ko dai daga ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma, ko daga 7 na yamma zuwa 7 na safe. Da agogon sa'o'i 24 ake rubutawa, saboda haka 19 h na nufin 7 na yamma. 'Yan Nijar sun saba da wannan, 'yan Najeriya ne ya kamata su kula. A ƙa'ida, allon aikin dare ana kafa shi kafin ƙarfe 3 na rana, na aikin safe kuma kafin 8 na daren jajibiri.

Akwai taswira a shafin birnin da kuma manhajar waya da ke nuna titin da aka tsara da wanda aka gama, har ta aiko maka da saƙo. Tana da amfani ƙwarai, amma ba ita ce doka ba. Idan manhaja ta ce ba a tsara titinku ba, allo kuwa yana tsaye, maganar allo ake bi, kuma da ita za a ci ka tara. A kwanakin kwashewa ka leƙa titi da idonka da la'asar, ka sake leƙawa kafin ka kwanta. Kowa ya kwana lafiya shi ya so.

To ina zan kai motar?

Tunda gefe ɗaya ake yi, mafi sauƙi shi ne ɗaya gefen, ko titin da aka riga aka gama. Matsalar ita ce duk unguwar abin da take nema ke nan. Birnin yakan buɗe wasu wuraren ajiye motoci kyauta da dare a lokacin kwashewa, jerinsu yana kan taswirar da aka ambata a sama. Ka lura da sa'ar fita, domin da safe wurin yakan koma hannun masu shi. Idan za ka yi tafiya ta kwanaki a tsakiyar hunturu, kar ka bar mota a titi sai ka bar makulli hannun wanda zai iya matsar da ita.

Jiniyar da nake ji fa? Kuma na fito ban ga motata ba.

Jiniyar ta janwe ce, gargaɗin ƙarshe ne cewa ayari ya kusa. Wanda ya ji ta ya tuna motarsa na waje, sai ka gan shi ya fito da gudu, riga a hannu. Wasu gundumomi sun taƙaita busa ta saboda koken masu barci, don haka rashin jin jiniya ba hujja ba ce.

Idan ba ka ga motarka ba, kar hankalinka ya tashi, da wuya a ce sace ta aka yi. Galibi ba a kai ta wani gareji mai nisa, ana ajiye ta ne a wani titi na kusa. Ka shiga sashen Info-remorquage a shafin birnin ka sa lambar motar, ko ka kira 311. Za ka tarar da takardar tara a gilashi, wadda ta haɗa da kuɗin janwe. Ka duba wurin da aka ajiye ta da kyau, domin shi ma ana iya kafa masa allo gobe.

Na sha wahala na haƙo motata, mai turewa ya zo ya sake binne ta. Wannan adalci ne?

Babu wanda bai taɓa yin wannan ƙorafi ba, kuma babu abin da za a yi. Ƙarfen turewa gefe yake zubarwa, ba shi da inda zai kai ta sai bakin titi, wato jikin motarka da mashigar gidanka. Tudun zai zauna har ranar kwashewa. Dabara ita ce ka share shi da wuri, yana da laushi. Idan ya kwana sanyi ya kama shi, shebur na roba ba ya cinsa. Kuma gurbin da ka haƙa ba naka ba ne. Da ka fita wani zai shiga, doka ba ta san wahalarka ba.

Hanyar masu tafiya a ƙasa da ke ƙofar gidana, ni zan share?

A'a, kuma nan Montreal ta bambanta da birane irin su New York, inda mai gida ke sharewa ko a ci shi tara. A nan birni ke yi da chenillette. Naka shi ne matakalar gida, da baranda, da mashigar mota idan akwai. Idan haya kake, ka duba takardar yarjejeniya, akwai gurbin da ke faɗin wanda sharar ta rataya a wuyansa, kai ko mai gida. Matakalan ƙarfen nan masu lanƙwasa da ke wajen gidajen Montreal suna da kyau a hoto, amma a Janairu sai da gishiri da riƙe ƙarfe.

Abin da aka hana shi ne ka kwaso dusar filin gidanka ka zuba a titi ko a hanyar mutane. Wasu gundumomi na ba da izini na musamman ga gidan da ba shi da fili. Kwandon shara da keke ma a janye su daga hanya, chenillette ba ta kauce wa komai. Tsofaffi da masu lalurar tafiya su tambayi 311 game da shirin Brigade neige, wanda a gundumomi da dama ake turo matasa su share musu ƙofa.

Ina ake kai duk wannan dusar?

A matsakaiciyar shekara ana kwashe kimanin kubik mita miliyan 12, lodin tifa wajen 300,000. Mafi girman wurin zubarwa shi ne Francon, wani tsohon ramin fasa dutse a unguwar Saint-Michel, wanda shi kaɗai ke haɗiye kusan kashi 40 cikin 100. Tifofi na ja da baya zuwa bakin ramin su juye daga sama. Akwai kuma filaye, kamar na Angrignon a LaSalle, inda injuna ke tara ta har ta zama tsauni mai tsawon bene hawa da yawa. Zuwa bazara tsaunin ya koma baƙi ƙirin saboda datti, kuma yakan kai tsakiyar lokacin zafi bai gama narkewa ba.

Hanya ta uku ta fi wayo. A wasu wurare an buɗe manyan ramuka da suka faɗa kai tsaye cikin babbar magudanar ƙazamin ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Ruwan da ke fitowa daga gidaje da ɗuminsa yake zuwa, shi ke narkar da dusar, ya tafi da ita matatar Jean-R.-Marcotte da ke gabashin tsibirin. Sai dai ramin yana da iyakar abin da zai iya sha a sa'a guda, idan aka matsa masa toshewa yake yi.

Ga kogin Saint-Laurent a kusa, me ya hana a juye a ciki?

An daɗe ana yin haka, har lardin Quebec ya hana a ƙarshen shekarun 1990. Dusar titi ba farar nan ba ce da ke saukowa daga sama. Akwai gishiri a ciki, da baƙin mai, da ɓurɓushin taya da ƙarfe, da leda da kowace irin shara. Garuruwa da dama kuma daga kogin nan suke sha. Hanin ya ƙara tsadar aikin, domin tifa na yin doguwar tafiya ta kuma bi layi kafin ta juye, kuma wannan layin yana cikin abubuwan da ke jawo jinkirin da za a yi bayani a ƙasa.

Me ya sa wani lokaci gishiri ake zubawa, wani lokaci tsakuwa?

Gishiri yana sa ƙanƙara ta narke ko da sanyi ya ɗan sauka ƙasa da sifili, amma ƙarfinsa na da iyaka. Idan aka wuce digiri 10 ƙasa da sifili sai ya soma rauni, a wajen 15 zuwa 20 kuwa kusan asara ce. A irin wannan rana tsakuwa ake watsawa. Ba ta narkar da komai, tana dai ba taya da takalmi abin kamawa. Sau da yawa ana gauraya su biyun.

Gishirin ba kyauta yake aiki ba. Yana cin ƙarfen mota daga ƙasa, yana cin siminti da rodin gadoji, yana ƙona itatuwan bakin titi, ya kuma bar farin tabo a takalmi da wando. Tun 2004 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin rage amfani da shi. Mai mota ya riƙa wanke ƙarƙashinta lokaci-lokaci, kuma wanda zai sayi tsohuwar mota a garin nan ya durƙusa ya leƙa ƙasanta kafin ya biya.

Kwana nawa ake ɗauka kafin a gama, kuma me ya sa wani lokaci ake tsayawa a tsakiya?

Idan dusar ba ta wuce santimita 20 ba, kimanin kwana huɗu. Abin da ya fi haka, kwanaki na ƙaruwa. Dalilan tsayawa sanannu ne. Idan wata sabuwa ta sauko ana tsakiyar aiki, dole ma'aikata su koma turewa. Doka ta iyakance sa'o'in direban babbar mota, ba zai wuce sa'a 70 a kwana 7 ba sai ya huta, kuma wannan doka ce da bai kamata kowa ya yi ƙorafi a kanta ba. Injuna na lalacewa, musamman idan suka haɗiyi abin da aka bari cikin tudu. Sai kuma motocin da ba a matsar ba: kowace ɗaya sai ayari guda ya tsaya jiran janwe. A ganina wannan shi ne abin da sabon zuwa ya fi saurin mantawa. Makwabcin da ya bar motarsa ba kansa kaɗai ya jawo wa tara ba, ya jinkirta titin da ke gaba da na gabansa.

An taɓa yin wadda ta fi ƙarfin birnin?

Sau da dama. Ranar 4 ga Maris 1971 santimita 43 ta sauka tare da iska mai tsanani, gari ya tsaya cik, har yau ana kiranta guguwar ƙarni. Ranar 27 ga Disamba 2012 aka samu fiye da santimita 45 a yini ɗaya. A daren 14 ga Maris 2017 motoci kusan 300 suka maƙale a hanya mai lamba 13, mutane suka kwana a ciki. Wannan hanyar ta lardi ce, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta biyu, kuma binciken da aka yi ya nuna rashin magana tsakanin hukumomi ne ya tsananta abin.

Sai kuma Fabrairun 2025, lokacin da guguwa biyu suka zo a jere, ranar 13 da ranar 16, suka sauke fiye da santimita 70 cikin kwana huɗu. An rufe makarantu, an dakatar da kwasar shara, chenillette ta kasa ratsa hanyoyi da yawa har mutane suka koma tafiya a tsakiyar titi, kwashewar kuma ta haura mako guda. Duk da haka ba a kira soja ba. Mutanen Montreal har gobe suna tsokanar Toronto da cewa a Janairun 1999 magajin garinta Mel Lastman sai da ya nemi sojoji su zo share dusa.

Me ya sa ake tsoron ruwan sama mai daskarewa fiye da dusar?

Dusa ana ture ta, ana loda ta. Shi kuwa ruwa ne ke saukowa, yana taɓa ƙasa ya zama gilashi a kan titi da itatuwa da wayoyin lantarki, babu abin turewa. A Janairun 1998 ya yi kwanaki yana zuba, manyan turakun lantarki suka durƙushe, miliyoyin mutane suka shiga duhu a tsakiyar sanyi, wasu har makonni. A 5 ga Afrilu 2023 ma fiye da gidaje da shaguna miliyan ɗaya suka rasa wuta a lardin. Haka nan idan aka yi ɗumi kwana ɗaya dusa ta narke, sanyi ya dawo da dare, hanyoyin ƙafa kan zama ƙanƙara zalla. A irin wannan rana a sa ƙarafan da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, a kuma shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda duk layukansa a rufe suke, yanayi bai dame shi ba.

Nawa ake kashewa, kuma wa ke biya?

Kusan dala miliyan 200 na Kanada a shekara, daga kasafin birni, wanda mafi yawansa harajin gidaje ne. Ɗan haya ma yana biya, ta cikin kuɗin hayarsa. Kimanin rabin aikin 'yan kwangila ke yi, kuma wannan ɓangare ya sha suka: a 2015 ofishin babban sufeton birnin ya fitar da rahoton da ya nuna alamun haɗa baki tsakanin wasu kamfanoni wajen neman kwangila. Farashin kwangilolin kuma ya yi ta hawa a 'yan shekarun nan.

Tunda ana share titi, dole ne in sayi tayar hunturu?

Dole ne. Duk ƙaramar motar da aka yi wa rajista a Quebec sai ta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, masu tambarin tsauni da ƙwayar dusa a jiki. Tarar dala 200 zuwa 300 ce. Ka nemi layi a gareji tun Oktoba, domin dusar farko ba ta jiran Disamba. Kafin ka tashi kuma ka share gilasai da fitilu da rufin mota. Tuƙi da tulin ƙanƙara a sama laifi ne, yana iya zamewa ya faɗa wa na bayanka.

Wane haɗari ya kamata in ja wa iyalina kunne a kai?

Uku ne, kuma dukkansu sun taɓa cin rai. Na farko salansa. Idan dusa ta binne mota, ka fara haƙe bakin salansa kafin ka tada inji, kuma kar ka zaunar da yara a ciki su ji ɗumi kana sharewa. Hayaƙin da ya rasa mafita cikin motar yake komawa, ba shi da wari, cikin mintoci yake sumar da mutum. Na biyu ramukan wasa da yara ke haƙawa a tudun bakin titi. Tudun na iya rufta musu, kuma mai injin da aka bayyana a sama ba ya ganin abin da ke ciki. Su yi wasansu a bayan gida ko a filin unguwa. Na uku manyan motocin kansu: direban tifa ko gireda ba ya ganin wanda ke dab da shi, musamman a kwana. Ka tsaya nesa har sai kun haɗa ido. Mai ciwon zuciya ko hawan jini kuma ya bar wa wani shebur.

Motar birni ta fasa min shinge, ko na zame na karye. Zan iya neman diyya?

Za ka iya, amma lokaci gajere ne. Idan dukiya ce ta lalace, mota ko shinge ko matakala, sai ka aika wa birnin sanarwa a rubuce cikin kwana 15. Ka ɗauki hoto nan take, ka rubuta rana da sa'a da lambar motar idan ka gani. Idan ɗan kwangila ne ya yi ɓarnar, galibi wurinsa za a tura ka. Rauni a jiki yana da wa'adi mafi tsawo, sai dai dokar lardin ba ta ɗora wa birni laifi don kawai akwai ƙanƙara a hanya. Sai ka nuna an yi sakaci, kuma kotu na duba yanayin da aka yi a ranar.

Yaushe ake gamawa?

Kwashewa ta ƙarshe takan faɗo a Maris, wani lokaci ta leƙa Afrilu. Daga nan aiki ya sauya kama. Ruwan da ya shiga tsagar kwalta ya daskare ya kumbura duk hunturu yakan bar ramuka, sai a shiga facinsu. Tsakuwar da aka watsa ma sai an share ta kafin ta cike magudanai. Don haka daga 1 ga Afrilu dokar hana fakin ta mako-mako take dawowa a yawancin gundumomi saboda motar shara. Wannan karon ba allon ruwan lemo ba ne, farin allon nan ne na dindindin da ke jikin turken bakin titi, mai ɗauke da rana da sa'a.